Ruwan Mukayyif

Ranar da aka kai Musbahu makwancinsa, Mairo ba ta wuce bakin matakala ba. A Jidda mata ba sa bin gawa, kuma ita ba ta da iƙama, takardar izinin zama, da za ta nuna wa kowa a ƙofar asibiti. Othman, mijin maƙwabciyarta Mastura, shi ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka ba da gawar, shi ya tsaya aka yi mata salla bayan la'asar. Da ya dawo, Mairo ta tambaye shi daga bayan labule inda aka sa mijinta.

"Can ciki ne, Hajiya, wajen katanga," in ji Othman. "Amma kin san nan ba a rubuta suna. Dutse ne kawai, duk iri ɗaya. Ko ni in na koma gobe..."



Abin da Musbahu ya bar mata a ɗakinsu na saman bene a unguwar Nuzla bai taka kara ya karya ba. Jallabiyoyinsa ne, da almakashin yankan reshe da ya sha wasi har bakinsa ya sirance, sai itacen shayi guda ɗaya a cikin tsohon bokitin fenti a gindin taga. Tsayinsa bai kai ƙugunta ba. Ganyensa kore shar, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Mairo ba ta jin akwai mai irinsa a duk faɗin Jidda, domin shayi ba ya son zafi, nan kuwa gari ne da kwalta ke yin laushi da rana. Tunda babu kabarin da za ta iya nunawa ta ce ga shi nan, sai zuciyarta ta koma kan itacen. Ta ɗaukar wa kanta alkawarin cewa muddin tana numfashi ba zai mutu ba.

Su mutanen tsaunin Mambila ne, inda gajimare ke saukowa ya shigo har tsakar gida, mutum ya kwana da bargo a watan da sauran ƙasa ke ƙuna. A can gwamnati take da cibiyar binciken shayi, kuma a nan Musbahu ya ƙarar da ƙarfinsa. Shi ba malamin bincike ba ne, a rumfar renon dashe yake. Malaman ne ke kawo iri daga wurare, su shuka layi-layi, su yi shekaru suna dubawa: wanne ke jure fari, wanne ƙwari ba sa so, wanne ke ba da ganye mai ƙamshi. In sun zaɓi guda sai su miƙa shi hannun su Musbahu. Ba a shuka ƙwayarsa, don ɗan ƙwaya yakan fito da halin da ba na uwarsa ba. Reshe ake yanka, ganye ɗaya da idonsa, a soka a baƙar leda mai jar ƙasa, a rufe, a yi ta lallaɓawa har ya yi saiwa. Daga nan manoman ƙauyuka su zo da kwanduna da babura su kwasa, ma'aikatan cibiya su bi su gona su nuna musu tazarar rami, da yadda ake aske kan itacen ya baje kamar tebur, da yadda ake tsinka, ganye biyu da toho.

Mairo ta san wannan duka ne don ta ji shi har ya gundure ta. Musbahu in ya fara zancen shayi ba ya sanin wuta ta cinye itace.

"Baban Sajida, ka rabu da ni da zancen ganye, tuwona na kan wuta," haka take tare shi. Sai ya yi dariya ya haɗiye sauran.

Da ya ajiye aiki, suka aurar da 'yarsu Sajida a Jalingo, sai suka zo umra. Suka zauna ba takarda, kamar yadda mutane da yawa ke zama. Shi ya samu aiki a mashtal, wurin da ake reno da sayar da furanni. Ita kuma tana wanki da guga a gidan wata mata Mashael a unguwar Sharafiyya. Shekaru suka yi ta wucewa, kullum ana cewa baɗi za a koma.

Wata shekara Na'ibi, abokin aikinsa na rumfar reno, ya zo aikin hajji. Ya zo masa da tsaraba a cikin kular abinci, 'yan dashe uku an naɗe su da safa. Musbahu ya buɗe kular ya zauna a ƙasa yana kallonsu. Biyu ba su yi wata ba suka bushe. Ɗayan ya tsaya. Ya nemo masa wata baƙar ƙasa mara nauyi daga mashtal, ya huda gindin bokitin fenti, ya ajiye shi inda haske ke shigowa kuma sanyin mukayyif, wato injin sanyaya ɗaki, ke sauka. Duk safiya in ya gama shan shayi sai ya juye tukar ganyen a gindinsa.

Abu biyu ne suka riƙa haɗa su faɗa a kan itacen nan. Na farko, Musbahu ba ya ce masa shi.

"Mutuniyar ta yi sabon toho," zai ce. "Zo ki gan ta."

"Itace dai namiji ne a Hausar da na sani. Ko a Mambila aka canza masa?"

"Wannan mace ce. Ni na san ta."

Na biyu shi ne ruwa. Mukayyif ɗin ɗakin tsoho ne, irin mai shiga bango, bayansa yana waje a kan matakala yana ɗiga. Musbahu ya ɗaura masa guntun tiyo, ya ajiye gwangwanin madara a ƙasa. Da wannan ruwan kaɗai yake ba itacen. Tantabaru na sauka a kan injin, ƙura na faɗawa gwangwanin, wani lokaci har da mataccen ƙuda.

"Kai dai ka cika maƙo, Baban Sajida. Abin da kake ji da shi haka, shi kake ba fitsarin inji? Ga ruwan jarka nan da muke sha."

"Bar ta, Maman Sajida. 'Yar talakawa ce, ba ta shan ruwan saye. Wannan ruwan sama ne, injin ne ya tatso shi daga iska."

"Ruwan sama a Jidda! Allah ya shirye ka."

Mairo ta ɗauka rowa ce ya lulluɓe da wasa. Ai mutum ne da ke wanke ledar burodi ya shanya, ya ɗinke silifa har ɗinkin ya fi silifar yawa.

Da tsakar rana ya faɗi a mashtal yana ɗora tukwanen fure a mota. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Washegarin jana'iza Mairo ta fita matakala ta ɗauko gwangwanin. Gashin tantabara na yawo a saman ruwan, ƙasansa duk laka. Ta tsaya tana kallo, sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko lokacin da Othman ya kawo labari. Mutumin nan duk rayuwarsa saura yake ci. Sauran tuwo, sauran shayi, rigar da wani ya gaji da ita. Har abin da ya fi so ma saura yake ba shi. Ta watsar da ruwan a matakala ta kife gwangwanin.

A ranar ne direban Mashael ya kawo mata kayan ta'aziyya, buhun shinkafa ƙarami da dabino da jarkar Zamzam. Mairo ta ga jarkar ta ji kamar an amsa mata tambayar da ba ta yi ba. Ta wanke ƙaramin kofi, ta cika, ta yi bisimilla, ta zuba a gindin itacen.

"Sha," ta ce. "Daga yau kin bar shan fitsarin inji."

Ba ta lura ta ce masa ke ba.

Haka ta shiga takaba. Ba ta fita, ba ta hura wutar shayi, domin buta aikinsa ce, ko kallonta ba ta son yi. Duk sallar da ta idar sai ta cika kofin nan ta zuba, tana cewa Allah ya kai haske kabarin Baban Sajida, ya sanyaya masa ƙasa. A ranta, ruwan da take zubawa a bokiti can yake sauka, wajen katangar da ba ta taɓa gani ba.

Da farko itacen bai nuna komai ba. Can sai sabbin ganyen suka fara fitowa fari-fari, jijiyoyinsu kaɗai ne kore. Daga baya bakin tsofaffin ya fara ƙonewa kamar an kara musu ashana. Wata safiya ta tarar da ganye a ƙasa, ta ɗauka ta riƙe ta rasa inda za ta sa shi.

Mastura takan hawo kullum da hantsi da ɗan abin taɓawa. Ita a Jidda aka haife ta, kakanninta ne suka zo a ƙafa, Hausarta rabi Larabci ce.

"Ya ukhti, kin ga fuskarki kuwa? Ke da shajarar nan, itacen nan naki, ban san wa zai riga wani ba. Ci wannan, yalla."

"Mastura, dubi ganyen nan. Me na yi masa?"

Mastura ta sunkuya ta leƙa. "Wallah kewa ce. Itace ma yana sanin mai shi. Ko kuma baki ne, ranar ta'aziyya matan ƙasan benen nan kowacce sai da ta ce kai, kai, babu mai cewa masha Allah. Me kike ba shi?"

"Zamzam."

"Halas, shi ke nan, to me ya fi wannan? Ki ƙara masa. Ƙanin Othman na kai fasinja Makka, zan sa ya riƙa taho miki da shi."

Mairo ta ƙara. Inda take zuba kofi ɗaya ta koma biyu. Tana tofa addu'a a ruwan kafin ta zuba. Ƙasar bokitin ta daina bushewa, wani farin abu kamar gishiri ya fito a samanta ya zagaye bakin bokitin. Ganye ya ci gaba da zuba.

Bayan sadakar arba'in Na'ibi ya kira ya sake yi mata gaisuwa. Wayarta ƙarama ce, ba ta nuna hoto, don haka Mastura ta mayar da kiran a tata, ta riƙe mata. Ga Na'ibi ya tsufa, ya sha hular sanyi da rigar ruwa, bayansa rumfar reno ce da Mairo ta sani, layin baƙaƙen ledoji har ƙarshen gani.

"Maman Sajida, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malam Na'ibi."

"Allah ya jiƙan Musbahu. Nan kowa sai zancensa yake. Ina tsarabata, tana nan kuwa? Kwanaki ya turo min hotonta, na ce kai wannan ko a nan sai haka."

Mairo ta kama hannun Mastura ta juya wayar wajen taga. Na'ibi ya matso da fuskarsa.

"Kada ki kashe," ya ce. "Bari in kai ki wurin Dokta Fauziyya. Ita ke duba mana ƙasa, duk manomin da gonarsa ta yi ciwo wurinta yake zuwa."

Hoton ya yi ta rawa, ciyawa, jar hanya, takalmin roba, sai ga wani ɗaki mai kwalabe da ƙananan ledojin ƙasa jere a kan tebur. Wata mata mai tabarau, ba ta girmi Sajida da yawa ba, ta karɓi wayar. Ta yi wa Mairo ta'aziyya, ta ce da tana sabuwar zuwa Baba Musbahu ne ya koya mata riƙe almakashi. Sannan ta shiga tambaya a natse, ɗaya bayan ɗaya. A juya ganyen ta ga bayansa. A matso da wayar kan ƙasar. Farin nan tun yaushe? A tona da yatsa a shinshina.

"Yana wari, Dokta. Kamar kwata."

"To. Mama, wane ruwa kike ba shi?"

Nan Mairo ta ɗan gyara zama, don a wannan kam ta san ba ta gaza ba.

"Zamzam, Dokta. Tun ranar da ya rasu ban ba shi komai ba sai Zamzam. Kowace salla."

Dokta Fauziyya ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Na'ibi, da ke tsaye a bayanta, ya sunkuyar da kai.

"Shi Baba da wane ruwa yake ba shi?"

"Na bayan mukayyif. Wanda ke ɗiga. Kin san halinsa da tsimi."

"Mama," in ji Dokta, muryarta ta yi ƙasa, "in kina miyar yakuwa tsami ya yi yawa, me kike sawa?"

"Kanwa."

"To shi shayi tsamin nan yake so a ƙasarsa. Da shi yake iya cin abinci. Zamzam ruwa ne mai albarka, ni da zan samu yanzu da na sha na shafa. Amma ta cikin dutse ya fito, yana ɗauke da gishirin dutse, a wurin shayi kamar kanwa yake. Yana kashe tsamin, itacen ya zauna da yunwa ga abinci a gabansa. Ga kuma yawan ruwan, saiwar ba ta samun iska, ta fara ruɓewa. Na mukayyif kuwa babu komai a cikinsa. Duk Jidda ban jin akwai ruwan da ya fi shi kama da ruwan sama."

Mastura ta ce, "La haula." Wayar ta karkace a hannunta.

Mairo ba ta yi kuka ba. Ta zuba wa bokitin ido.

"Ya faɗa min," ta ce. "Ya ce ruwan sama ne. Na ce Allah ya shirye shi."

"Ba ki da laifi, Mama. Abin da ya fi daraja a ɗakinki kika ba shi."

"Zai tashi?"

Dokta ta mayar da tabaraunta. Ta ce a daina Zamzam yau. A tara na mukayyif a wanke ƙasar da shi, a ɗaga bokitin a kan duwatsu ya tsiyaye, sannan a bar shi ya sha iska. A rage rassan da suka bushe. In akwai reshe mai ɗan rai a yanka a gwada dasawa. A riƙa kankare bawon da farce, in ƙarƙashinsa kore ne, da sauran rai.

"Amma ba zan yi miki alkawari ba," ta ce. "Ya yi nisa."

Na'ibi ya karɓi wayar ya fito waje. Ya yi ta tafiya, numfashinsa kaɗai ake ji, har ya hau wani ɗan tudu. Ya juya wayar.

"Maman Sajida, duba nan."

Gona ce ta bi gangaren tsauni ta sauka ta sake hawa wancan, kore shar, an aske kanta sumul, gajimare na jan ciki a samanta. Mata da kwanduna a baya suna tsinka. Mairo ta ji sanyin wurin a fatarta.

"Duk wannan Mairo ce," in ji Na'ibi. "Daga nan har bayan ƙauyen Kakara. Ita na kai masa."

"Wace Mairo?"

"Irin mana. Au, bai taɓa gaya miki ba?" Na'ibi ya yi 'yar dariya. "Malamai lamba suka sa mata. Shekarar da ruwa ya yi jinkiri, layukan gwaji duk suka ƙone, ita kaɗai ta tsaya. Musbahu ya ce wannan taurin kan a gidansa ya san shi, ba ta jin magana kuma ba ta faɗuwa. Ya ce sunanta Mairo. Muka yi ta dariya, sunan ya bi ta. Yanzu manomi in ya zo ba ya sanin lamba, cewa yake a ba shi Mairo ɗari biyu. Har Dokta haka take faɗa."

"Bai gaya min ba."

"Tsoron bakinki yake ji. Ya ce in kika ji ya sa wa itace sunanki, a waje zai kwana." Ya goge hanci da bayan hannu. "Kuma kin san aikinmu. Tunda reshe ake yanka, duk itace ɗaya ne. Wadda ke ɗakinki da waɗannan, jiki ɗaya ne. Uwar tana nan bayan rumfa, yawancin waɗannan da almakashinsa aka yanko su."

Mastura tana share hawaye da gefen mayafi tana cewa, "Ya Allah, ya Musbahu, ya miskin." Mairo ta miƙa hannu ta taɓa gilashin wayar da yatsa, sai kiran ya yanke.

Ta yi duk abin da aka ce. Ta fita matakala ta tayar da gwangwanin da ta kife, ta gyara tiyon. Ta zauna a bakin ƙofa tana jiran ɗigon, ɗis, ɗis, ba ta taɓa sanin yana da jinkiri haka ba. Mastura ta bi maƙwabta tana roƙon ruwan bayan mukayyif ɗinsu, matan ƙasan bene suna tambaya ko Mairo ta taɓu ne. Aka wanke ƙasar, wani ruwa mai wari ya fita ta gindin bokitin. Mairo ta ɗauki almakashin Musbahu, karo na farko a rayuwarta, ta rage busassun rassa. Ta zaɓi reshe mai ɗan dama, ta yanka ganye ɗaya da idonsa yadda ta sha ji, ta soka a kofi, ta rufe da ledar burodi cikin waɗanda ya wanke ya ninke. Ta hura wuta ta dafa shayin kanti don kawai ta samu tukar da za ta zuba.

Tana yi tana magana da itacen.

"An ce ba kya faɗuwa. To ki nuna min. Fari ma bai kashe ki ba, sai ni?"

Abin da ta dasa a kofi ya yi baƙi cikin mako. Kowace safiya tana kankare bawon da farce. Koren ya yi ta gudu yana barin rassa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage a reshe guda na can sama, mai 'yan ganye a kai. Ranar da ta kankare gindin ta ga ƙarƙashinsa ya zama ruwan ƙasa, busasshe kamar kara, ba ta kira kowa ba. Ta zauna a gabansa har aka kira azahar.

Da ta idar da salla sai ta tashi ta tsinke 'yan ganyen da suka rage kafin su zube da kansu. Ta fara da na kan reshen, ganye biyu da toho, da babban yatsa da manuni, yadda yake kwatanta mata a iska tana ce masa tuwonta na kan wuta. Duka ba su cika tafin hannu ba. Ta baza su a faranti suka yi laushi, ta murza su tsakanin tafukanta har suka yi danshi, ta rufe su suka yi ja, ta busar a kasko da ƙaramar wuta. Ashe duk ta riƙe. Babu abin da ya faɗa da bai zauna mata ba, sai guda ɗaya, zancen ruwa.

Washegari Mastura ta hawo ta tarar da buta a kan wuta, bokitin fenti kuma ba komai sai sanda tsaye.

"Halas?"

"Halas."

Mairo ta dafa ganyen da sauran Zamzam ɗin da ke jarka. Ta zuba a ƙananan kofuna biyu, ruwan ko ja sosai bai yi ba. Mastura ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Wallah da ɗaci, ya ukhti. A sa sukari?"

"Bar shi haka."

Suna cikin sha Na'ibi ya kira wayar Mastura, Dokta ce ta ce a tambayo mata. Mairo ta gaya masa. Ya yi salati, sannan ya ce ya riga ya ware leda ɗaya a rumfa, daga jikin uwar, ya ɗaura mata jan zare. Duk ranar da ta dawo gida tana nan tana jiranta.

Mairo ta san abin da dawowa ke nufi. Ta kai kanta tarhil, inda ake tara marasa takarda a mayar da su gida, a ɗauki yatsunta, a sa ta a jirgi, ƙofar shiga Jidda ta rufe mata. Itacen yana can, Musbahu kuma yana nan wajen katanga, babu mai kawo mata ɗaya wurin ɗaya.

"Ka ajiye, Malam Na'ibi," ta ce. "Ban ce ina zuwa ba. Ka dai riƙa ba ta ruwa."

"Nan ai Allah ke ba ta, Maman Sajida. Yanzu haka ma yayyafi ake."

Bayan Mastura ta sauka, Mairo ta shanye abin da ya rage a butar har tukar. Sai ta ji mai gidan hayar yana faɗa daga ƙasa, wai ruwan wa ke bin matakala, so ake wani ya zame ya karye? Ta yafa mayafi ta leƙa. Gwangwanin madara ne ya cika ya tumbatsa, tun jiya ba ta taɓa shi ba. Ta tsuguna ta tsame gashin tantabara da yatsa, ta ɗauko shi da hannu biyu a hankali don kada ya zube, ta shigo da shi ɗaki. Ta tsaya a gindin taga riƙe da shi, ruwan na ɗiga ta tsakanin yatsunta, a waje kuma tiyon ya ci gaba da zuba a kan siminti.